Murar Kaji ta Kai Ni Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A coci, a kasuwa, har a bakin famfo, kowa so yake ya ji yadda Gana take, da abin da na ci, da ko na kawo maganin. Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri, har na ji a bakin wata cewa wai an tsare ni a boda da kayan sumoga. To ga shi na zauna na rubuta, daga farko har ƙarshe, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rifkatu, 'yar Kwoi ce ni, ina aikin lafiyar dabbobi a Kafanchan. Ni ba likita ba ce, amma matan ƙauye Likita suke ce mini, na gaji da gyara musu na bari. Ni ce na yi ta bin matan zumunta na Fadan Kagoma da baki har suka yarda suka shiga kiwon kajin ƙwai, ni ce kuma na bi gida-gida da kula a bayan mashin ina ɗiga wa 'yan tsaki rigakafin mura a ido. Kaji suka girma, suka fara ƙwai, aka yi ta sa mini albarka. Sai ga tari ya shigo. Kaza ta buɗe baki tana neman numfashi, ƙwai ya riƙa fitowa da laushi kamar an zuba shi a leda, daga nan aka fara kwasar mushe kowace safiya.

Ranar da aka kira ni taron zumunta ba zan manta da ita ba. Mama Saratu, shugabar matan, wadda ta fi kowa asara, ta miƙe a gaban bencin farko ta ɗaure zaninta.

"Likita," ta ce, "ka ɗiga ruwa a ido na kaji namu, ka ce magani ne. Yanzu ina kaji?"

Na kare kaina iya ƙarfina, amma akwai abin da ban faɗa musu ba. Ɗaya daga cikin ranakun rigakafin, mashin ya mutu mana a hanya, muka yi kusan awa biyu a rana. Da na buɗe kula, ƙanƙara ta zama ruwa. Ruwan da sauran sanyinsa, sai na ci gaba da aiki ban ce wa kowa komai ba. Wannan rigakafin kuwa ba ya shiri da zafi. Daga ranar taron nan abin ya tsaya mini a rai: shin ni ce na kashe kajin bayin Allah?

Na ɗauki majinar maƙogwaron kajin da auduga daga gidaje da dama, na aika wa Ladi, ƙawata tun makaranta, da ke aiki a wani ɗakin bincike a Filato. Ta ce mini ƙwayar cutar 'yar gidan korona ce, amma ba wadda ta rufe mana coci da kasuwa ba. Wannan ta kaji ce, ba ta kama mutum. Injinsu ya karanta rubutun halittar ƙwayar, wato dogon jerin haruffan da ke faɗin yadda aka gina ta, ta zuba mini a filashin kwamfuta. Ta ce karantawa aikinta ne, amma gane abin da ke ciki aikin masu kwamfuta ne, kuma akwai horon sati biyu da za a yi a Kumasi kan yadda ake laluben wurin da rigakafi zai kama a jikin korona. Ta kuma ja mini kunne cewa injin nasu ba ya ajiye tsohon aiki, sharewa ake yi, don haka abin da ke hannuna shi ke nan. Kwamfutata tsawa ta cinye ta tun damina. Na kwana uku ina zarya shagon intanet don in ɗora kwafi, netwok ya ce bai san zancen ba. Na nemi gurbi a horon, aka ba ni, da masauki, hanya kuwa kowa ya ji da kansa.

Na biya Kwoi in yi wa mamana sallama. Mama manomiyar citta ce, kuma a wurinta zuwa gidan mutane hannu rabbana abin kunya ne da ya fi zuwa ba ɗankwali. Ta riga ta cika rabin buhu da busasshiyar citta, zaɓaɓɓiya. Da ta ga ina ta lallaɓa filashin a jaka, ta tambayi ko mene ne, na ce mata duk dalilin tafiyar ke nan. Sai ta karɓa, ta naɗe a leda, ta yagi tsohon zani ta ƙulle, ta ɗaure da jan zare, ta tura hannu har gwiwar hannu ta binne shi a tsakiyar cittar. Haka mutanenmu suke yi da duk abin da ba sa so su rasa in za su bi hanyar Kachia. Mai tare hanya jakar hannu yake nema, ba ya zama ya zazzage citta tana shiga masa ido. Ta dafa kaina ta yi addu'a da yarenmu, ta ce in je in dawo da gaskiya, ko da gaskiyar ba ta yi mini daɗi ba. Ban taɓa gaya mata zancen ƙanƙara ba, amma uwa uwa ce.

Daga Kwoi zuwa Abuja ba abin faɗi. Daga Abuja zuwa Ikko kuwa, wuni guda cur muka yi a mota, gwiwoyina suna manne da kujerar gaba, buhuna a ƙarƙashin ƙafata don na ƙi yarda a sa shi a but. Kafin Lokoja duk motar ta ɗauki atishawa. Wani mutum mai kwat ya juyo ya ce a fitar da mai barkonon nan, na yi kamar ban jin Turanci.

A Ikko, a tashar motocin zuwa Gana, na gamu da Iya Bose, Bayarabiya mai fataucin yadi. Ta ji ina waya da Hausa, ta dafa ni ta ce ni 'yar ina ce. Da na ce Kafanchan sai ta rungume ni, ashe a kwatas ɗin relwe aka haife ta, babanta direban jirgin ƙasa ne. Ta yi ta tambayar wuraren da an daɗe da rushewa, ina ba ta amsa a hankali don kada in ɓata mata rai. Ita ta zama uwar ɗakina a hanya. Ta ce boda uku ne a gabanmu, kowace da ƙofa biyu, ta fita da ta shiga. In riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a hannu, in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kada in ƙara ko kalma ɗaya, don ta lura bakina ba ya gajiya.

A Kwatano na ga 'yan acaɓa da suka sa na daina yi wa namu gori. Kowa da rigarsa mai ruwan ɗorawa, suna tafe kamar tururuwa, mata na zaune a baya da tire a kai ba ko riƙewa. Na sayi burodinsu dogo kamar taɓarya, na gatsa, sai da na duba ko haƙorana suna nan. A Lome na fara ganin teku da idona. Na ɗauka zan yi wani dogon tunani, amma abin da ya zo mini kawai shi ne yawan ruwan da ke zaune ba ya aikin komai, mu kuma muna bin layi a famfo.

A ɗaya daga cikin bododin wani jami'i ya nuna buhuna ya ce a kwance. Aikinsa yake yi, kayan gona ne. Ya tura hannu ciki yana juyawa, ni kuma ban san yadda zan yi bayanin ƙullin tsumma da jan zare ba. Na buɗe baki zan fara lacca a kan korona, Iya Bose ta taka mini ƙafa, ta ce masa tsarabar miya ce daga wata tsohuwa. Kafin hannunsa ya kai tsakiya ƙurar cittar ta tashi, ya yi atishawa sau huɗu a jere, ya ɗaga mana hannu yana share hawaye. A raina na ce Mama ta fi injiniyoyi.

Muka rabu da Iya Bose a Ankara, babban birnin Gana, na hau wata motar zuwa Kumasi. Na isa da la'asar a rana ta uku, ƙafafuna sun kumbura, ba na ko ganin gabana sosai. Da yake na rubuta a takardar neman gurbi cewa ina jin Hausa, sai masu shirya horon suka sauke ni a unguwar Zango, gidan wata dattijuwa, Hajiya Ramatu, wadda kakanta ya zo daga arewa fataucin goro bai koma ba. Na shiga da fargaba, ina tunanin za a yi wa Hausata ta 'yan kudancin Kaduna dariya. Ashe tasu ma ba ta damu da raba mace da namiji ba. Da Hajiya ta ce mini "ka zo lafiya, 'yata," sai na ji kamar a Kagoma nake.

A nan na tafka kuskuren. Maƙwabta sun cika tsakar gida don ganin baƙuwar Najeriya. Na durƙusa na gaida Hajiya, na tura buhun gabanta na ce ga tsaraba daga mamana. Ta buɗe, ta karya ɗaya ta sansana, ta ce rabonta da citta mai wannan yajin tun tana amarya. Mata suka yi ta sa albarka. Kafin in ce wani abu surukarta ta ɗauki buhun ta yi ɗakin ciki da shi. Ina kallo ya wuce labule. Yaya za a yi in ce a dawo mini da kyautar da na bayar yanzu-yanzu, a gaban mutane, in tura hannu in ciro wani abu? Na ce a raina gobe da safe na samu Hajiya ita kaɗai.

Da safe na fito na tarar da kwanuka suna fita daga gidan ɗaya bayan ɗaya. A wurinsu tsaraba ba ta kwana biyu a gida, rabawa ake yi. Kowace maƙwabciya an kai mata nata, babban kaso kuma an tura wurin injin niƙa, saboda surukar Hajiya koko take sayarwa. Buhun yana rataye a igiya, an kakkaɓe shi tas. Na tsaya ina kallonsa har Hajiya ta tambaya ko ban ji daɗin barci ba. Na ce lafiya lau.

Kwana biyu na yi ban ce uffan ba, kuma na san za ku ce wauta ce. Wauta ce. Amma a wurinmu in ka bi bayan kyauta kana cewa wani abu ya ɓace a ciki, kamar ka ce wa mutum ɓarawo ne. Ni kuwa da zafin zargi na baro gida, na san yadda yake ci. Ban iya ɗora wa tsohuwar da ta ba ni gadonta irinsa ba.

A haka na fara zuwa aji. Mu wajen ashirin ne daga ƙasashe daban-daban, yawanci masu aiki a kan koronar mutane, ni kaɗai ce mai kaji. Malamarmu Dokta Akosua, 'yar gajeriya mai saurin magana, wadda ba ta fara jimla sai ta ce don Allah, ko da faɗa za ta yi maka. Haka mutanen Gana suke, har kwandastan mota sai ya roƙe ka kafin ya zage ka. Abin da ta fara rubutawa a allo shi ne duk bayanin da ba ka da kwafinsa uku, ba ka da shi. Na sunkuyar da kai kamar ni aka aiko ta ta yi wa wa'azi. Da ta ce kowa ya fito da nasa bayanan, na ce nawa suna hanya. Ta ba ni na gwaji in riƙa koyo da su.

Aikin dai ga yadda yake. Ƙwayar korona tana da ƙayoyi a bayanta, da su take kama jiki ta shiga. Rigakafi yana nuna wa sojojin jiki kamannin ƙayar tun kafin cutar ta zo, don in ta zo su gane ta. Matsalar ita ce ƙwayar tana sauya kamannin ƙayar. Don haka sai a jera haruffan ƙwayoyi da yawa a kwamfuta, layi bisa layi, a duba inda suka bambanta da inda suka tsaya daram. Daga nan wata manhaja ta yi hasashen wane guntu ne yake a waje inda sojojin jiki za su gan shi, wata kuma ta duba kada guntun ya yi kama da naman jikin dabbar kanta. Abin da a da sai an shekara ana gwaji a ɗakin bincike, kwamfuta tana rage shi zuwa 'yan wurare kaɗan da suka cancanci a gwada. Na fahimta, hannuna ma ya fara sabawa, amma koyo da bayanan wasu kamar yi wa maƙwabci noma ne gonarka na cike da ciyawa.

Abinci ma bai zauna mini ba a kwanakin nan. Sakwararsu suna sa ta a tsakiyar kwano su malala mata miya kamar ruwa har ta nutse, kuma wai ba a taunawa. Na tauna, duk teburin ya juyo yana kallona. Shinkafa da wakensu kuwa sai an ɗora taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji a kai, kwano ɗaya kamar an haɗa abincin gida uku. Wannan na so shi daga baya, har na yi kewarsa. Kowace safiya kuma sai surukar Hajiya ta kawo mini koko mai zafi da cittar Mama a ciki, ina sha ina jiran in ji wani abu ya yi ƙaras a haƙorina.

Rana ta uku da yamma na dawo na tarar da Hajiya ita kaɗai tana tsince wake. Na tuna matan Kagoma, na tuna kwana uku da na yi a mota, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa na fara da ba da haƙuri, na yi ta kewaye-kewaye, na rantse ba zargin kowa nake ba, har dai na kai ga cewa akwai wani ɗan ƙulli a cikin buhun. Hajiya ta ajiye tire, ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Layarka? Yana nan. Ban buɗe ba, ban bari kowa ya gani ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da shi daga ƙasan akwatinta, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ashe tun ranar farko ta gan shi. Ta ga tsumma da jan zare, ta ce wannan uwa ce ta yi wa 'yarta tsarin hanya. Ta kuma ga ina addu'a da Littafi Mai Tsarki kowace safiya, sai ta ce in ta yi maganar zan ji kunya, gara ta bari ranar tafiyata ta saka mini a jaka a ɓoye. Ita tana rufa mini asiri, ni ina kare mata mutunci, aiki kuma yana kwance a ƙasan akwati. Na kwance ƙullin a gabanta na nuna mata. Ta juya filashin a hannu ta ce to ai wannan ma laya ce, tunda rubutu ne a ciki. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Washegari kafin in zauna na yi kwafi uku, Dokta Akosua tana tsaye a kaina. Na gaya mata gaskiyar inda bayanan suka kwana, ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta taɓa jin wannan uzurin ba. An riga an wuce ni da kwana uku, don haka na daina fita cin abincin rana. Ranar Asabar 'yan aji suka tafi kallon gari, ni na roƙi mabuɗi. Ta taga na ga jerin masu zuwa jana'iza cikin ja da baƙi, da kiɗa da rumfuna kamar biki. Na ɗauka mu ne gwanayen kashe ƙarfi a kan biso, ashe mu 'yan koyo ne.

Na yi kurakurai. Manhajar hasashen yawanci don mutum da ɓera aka gina ta, kaza ba ta da gata ko a kwamfuta, sai da Dokta ta nuna mini wata doguwar hanya. Da sakamako ya fito, na kwashi guntayen da suka fi samun maki na kai mata ina taƙama. Ta duba ta ce don Allah in koma in ga a ina suke zaune. Na koma, sai na ga duk a wurin da ƙwayar ta fi sauya kama suke. In an yi rigakafi da su, baɗi sun zama tarihi. Nan na tuna Mama in tana zaɓen irin citta. Ba ta ɗaukar mafi girma, tana ɗaukar wadda ta san kowace shekara irin abin da take bayarwa ke nan. Na zubar da aikin kwana biyu na sake daga farko.

Ranar Laraba ta sati na biyu na jera haruffan ƙwayar kajinmu a ƙarƙashin na ƙwayar da aka yi rigakafin da ita. Manhajar tana sa launi a duk inda aka bambanta. Na danna, na rufe ido, na buɗe. A wurin ƙayar, layin ya cika da launi kamar zanin atamfa. Na duba na gidajen da na yi wa rigakafi ranar da mashin ya mutu, na duba na sauran ranakun da ƙanƙarata take da ƙarfi. Duk iri ɗaya ne, kuma duk sun yi nesa da rigakafin. Na kira Dokta, na gaya mata har zancen ƙanƙara, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta daɗe tana duba allon.

"Don Allah ki saurara," ta ce. "Wannan ya nuna ƙwayarku ta bambanta da rigakafin sosai, ko da sanyinsa da wuya ya tare ta yadda ya kamata. Amma kwamfuta ba ta ga kularki ba. Ba za ta ce ba ki yi kuskure ba."

Na so ta wanke ni tas, ba ta yi ba. Na ji sauƙi, na kuma ji haushi, duk a lokaci guda. Na koma kan aiki. Kafin ranar Juma'a na tace na tace har na tsira da guntaye uku, gajeru, waɗanda suke a waje, ba su sauya ba a duk samfuranmu da na wasu ƙasashe da na kwatanta, kuma ba su yi kama da naman kaza ba. Dokta ta ce wannan ba rigakafi ba ne, wurin da za a fara haƙa ne; sai an gwada a ɗakin bincike, sai an ƙara samfura da yawa daga yankinmu, kuma yana iya ɗaukar shekaru, yana iya ƙin yi. Ta ce in zan ci gaba da turo samfura, za ta ci gaba da dubawa tare da ni. Kafin nan ta ba ni shawarar in nemi likitocin dabbobi su duba ko akwai wani rigakafin da ya fi kusa da ƙwayarmu.

Hajiya ta raka ni tasha da kwalbar baƙin yajin nan, da saƙo ga Mama cewa a ƙaro citta, amma wannan karon a aiko da ita ba laya. Dawowa ba ta da labari, sai dai ba wanda ya yi atishawa a motar.

Alhamis ɗin farko bayan dawowata na je taron zumunta a Fadan Kagoma. Tun a hanya nake gardama da kaina. Ina iya nuna musu launukan nan in ce kun gani, ba laifina ba ne, kuma ba wadda za ta musa. Da na miƙe a gabansu sai na ji maganar mamana a kunnena. Na faɗa musu komai: cewa cutar ta sauya kama, rigakafin bai gane ta ba, da kuma cewa akwai ranar da ƙanƙara ta narke na ci gaba da ɗigawa na ɓoye musu. Na ce wannan kam laifina ne, ina neman gafara.  Mama Saratu ta tambayi ina maganin. Na ce babu tukuna, na miƙa mata takarda mai layi uku na haruffa, na yi bayanin abin da suke da abin da ya rage. Ta riƙe takardar nesa da idonta ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko wannan ne na je har Gana na kawo. Na ce shi ne. Ta mayar mini, ta ɗauki Littafinta ta fita, ba ta tsaya addu'ar rufewa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi da-na-sani ba.

Ranar Litinin da safe ina buɗe ofis sai ga mashin ya tsaya. Mama Saratu ce a baya, kaza a hammata, kular abincinta a cinya. Ta sauko da ƙyar, ba ta ko gaishe ni ba, ta ɗora kazar a teburina. Kazar tana buɗe baki tana neman numfashi.

"Wannan ya fara tari jiya," ta ce. "Ka ɗauki abu na maƙogwaro ka kai ma kwamfuta naka. Akwai gida huɗu kuma, na gaya masu kana zuwa."

Ta buɗe kular ta tura mini. Cike take da ƙanƙara har baki.

"Na sa da yawa," ta ce, "ko mashin ya lalace."

Na sa safar hannu na ɗauko auduga, ita kuma ta riƙe kazar ta buɗe mata baki.